Goron Albishir na Iya Gaji

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun da aka fara yaƙin Jamus, in ka tambaye shi Iya Gaji, kafin ya ba ka amsa sai ya shafa hancinsa. Ba don raini ba ne. Daddawarta ce kullum take riga ta isa kasuwa. Tana can unguwarsu Yalwawa tana neman gammo, mutanen unguwar Garu sun riga sun san ta taso.

'Yar tsohuwa ce gajeruwa, siririya kamar sillen kara, ga sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Kuma galibi ta bar ta ɗin, don dafa kalwa ba aikin mai gaggawa ba ne. Mijinta Malam Sani ya rasu tun tana da sauran ƙarfinta, ya bar mata gida, da bishiyar dabino a bayan ɗaki, da ɗa guda, da kuma ƙanensa Maharazu, wanda takan ce shi ne kaya mafi nauyi a cikin gadon. Maharazu fataucin dabino yake yi zuwa Kano. Gemunsa ya yi fari fat, amma wasan ƙanen miji bai bar bakinsa ba. In ya shigo gidan ba ya cewa komai sai, "Amaryata, me aka ajiye wa ango?" Ita kuma ta ce, "Muciya, ga ta can a jingine."

Ɗan nata sunansa Uwaisu. Shi ne na fari, shi kaɗai kuma Allah ya raya mata. To, ka san halin iyayenmu da ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakin Iya Gaji ba. Sai dai "wancan", ko "mai ƙaton kai". Ba ta yabonsa, ba ta tambayar inda ya tafi, in an kawo ƙararsa ta ce a je a faɗa wa masu shi. Ran da aka zo aka ce mata ya bi masu ɗaukar soja daga Kano, an zuba su a jirgi an yi gabas da su, tana tsugune tana wanke kalwa. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "To, ƙanzon tukunya ya huta." Sai dai a makon nan tukunyar kalwarta ta ƙone ƙurmus, abin da maƙwabta ba su taɓa gani ba, kuma babu wanda ya yi mata maganar.

Abu ɗaya ne Iya Gaji ba ta wasa da shi: goron albishir. Kullum da ɓarin goro a ƙulle a bakin zanenta. Ka ce mata kazarta ta ƙyanƙyashe, goro. Ka ce an ga hadari ta wajen Kiyawa, goro. A wurinta albishir baƙo ne. In ya yi sallama ba ka ba shi ruwa ba, ba abin da zai hana shi ɗaukar takalminsa ya koma inda ya fito. Haka ta taras ana yi a gidansu, haka ta riƙe.

A shekarun nan ne jarida ta fara zuwa Dutse. Daga Zariya take fitowa, ta kwana a Kano, sannan Arzika masinja ya ɗauko ta cikin jakar wasiƙu a bayan kekensa, ta Wudil da Gaya. Wanda yake karanta wa jama'a shi ne Malam Falalu, malamin makarantar elementare, ɗan gidan malamai ne da ya haɗa allo da boko. Ranar kasuwa bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya buɗe takardar nan faɗi-faɗi, ya gyara murya.

Da farko dattawa ba su yarda da ita ba. Su a saninsu labari yana da mai shi: wane ya ji daga wane, shi kuma a gabansa aka yi. Wannan kuwa ba ta da uba ba ta da unguwa, ba ta gaisuwa, sai dai ta faɗa maka kai tsaye an nutsar da jirgi a wani teku. Amma a hankali aka saba. Manoma suka fara jin yadda gyaɗa take ciki a Kano kafin dillali ya zo ya yi musu rantsuwa. Aka ji wani mutumin Katsina ya rubuta kukan rijiyar garinsu, har aka gyara. Masu gardamar gindin tsamiya, waɗanda a da ba su wuce zancen jakin wane ya shiga gonar wane, suka koma raba ƙasashen Turai a tsakaninsu. Maharazu ma ya zama gwanin yaƙi. Da sandarsa yake zana Habasha a ƙasa, kullum kuma a wuri dabam.

Iya Gaji ta ce ita ba ruwanta da takardar Nasara. Sai dai tun da aka fara karatun, ta lura cewa inuwar da ke kusa da tsamiya ta fi dacewa da daddawa. Can ta mayar da faifanta. Takan juya wa Malam Falalu baya, tana korar ƙuda, kunnenta kuwa ko kiran ciniki ba ya ji.

Ran nan, bayan kaka, Malam Falalu yana cikin karanta gaisuwar sojojin da ke bakin daga sai ya tsaya. Ya matso da takardar kusa da ido. Ya ce, "Jama'a, ku saurara." Sannan ya karanta a hankali:

"Uwaisu Dutse, ɗan Malam Sani na Yalwawa, yana nan lafiya lau a ƙasar Habasha. Aikinsa dafa wa 'yan uwansa abinci. Ya ce a gai da mutanen gida, a kuma shaida musu ƙasar nan babu daddawa."

Wuri ya kaure da salati da dariya. Duk aka waiwayo wajen faifan daddawa. Maharazu ya yar da sanda, ya taho yana tuntuɓe da babbar rigarsa.

"Amaryata, albishirinki!"

"Kai da ka ji tare da ni? Ka ga mutum da son banza!"

"To kin dai ji. Yana raye!"

"Wa fa?" in ji Iya Gaji. "Ni ciniki nake yi."

Ta juya ga wata yarinya da ta zo sayen daddawar miyar dare, ta cika mata ƙwarya har tana zuba, ta sallame ta ba ta karɓi komai ba. Guɗa ba dama, kuka ba dama, ta ce a sake karantawa ma ba dama, ga rabin Dutse ya zuba mata ido. Hanya ɗaya al'ada ta bar mata a buɗe, ita ce ta goro.

Washegari da hantsi ta isa ƙofar makaranta da fararen goro manya a cikin ganye. Malam Falalu ya rusuna ya gaishe ta, amma ya mayar da hannuwansa baya.

"Iya, ni ba ni na kawo albishir ba. Baki kawai na ara wa takarda. In na ci wannan goro na ci haƙƙin wani."

"To wa ya kawo?"

"Arzika ne ya ɗauko ta."

Ta jira ranar zuwan Arzika, ta tare shi a bakin hanya tun bai sauka daga keke ba. Arzika kuwa mutum ne da haƙoransa suka yi ja don cin goro. Ya dubi ganyen nan, ya haɗiyi yawu, ya girgiza kai.

"Iya, jakar nan a kulle ake ba ni, a kulle nake miƙawa. Ranar da na kawo takardar albishirinki, a ciki har da takardar haraji. In na karɓi goron wannan, dole in karɓi zagin waccan. Ki rufa mini asiri."

"Ikon Allah! Yau ga albishir ba mai shi. To wai wa ya faɗa?"

Arzika ya nuna yamma da haɓa. "Mutanen Zariya."

Iya Gaji ta koma gida. Da aka kwana biyu sai ta sayar da tunkiyarta, ta sayi ƙwaryar goro guda, farare zalla, don a ganinta labari irin wannan ya wuce ɓari. Ta jera su cikin kwando, ta lulluɓe da ɗanyen ganye, ta ajiye a gindin randa inda ke da sanyi. Kullum da safe ta buɗe, ta yayyafa ruwa, ta juya na ƙasa su koma sama. Abin da ya rage shi ne ɗan aike. Maharazu ya ce shi zai kai.

"Kai? Kafin ka kai Gaya sai dai ka miƙa musu ganye."

"Haba amaryata, ai zan bar musu na ɗanɗano."

Ana ta neman mai zuwa Zariya ba a samu ba. Mutanen Dutse iyakarsu Kano. Jarida kuwa ba ta fasa zuwa ba, kuma labarinta ya sauya. Aka ce an gwabza a gindin wasu duwatsu, an yi asarar mutane. Babu sauran gaisuwar kowa. Iya Gaji tana jin wannan da bayanta a juye, ta tabbata a ranta baƙon nan da ta bari a tsaye ya fara duban takalminsa. Abinci ya daina shiga. Rannan da safe ta buɗe kwando, ta tarar sankara ta huda goro ɗaya, ya yi baƙi daga ciki. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannu. Sannan ta yafa mayafi ta nufi gidan Maharazu.

"Yaushe za ka Kano?"

"Jibi, in Allah ya kai mu."

"Da ni za ka. Daga can ka sa ni a jirgin Zariya."

Maharazu ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarta, ya rufe. Ya ce, "Sai dai mu shiga tare. Wa zai bar amaryarsa ta tafi Zazzau ita kaɗai?"

Matar da ba ta taɓa wuce kasuwar Shuwarin ba, sai ga ta a kan jaki tsakanin buhunan dabino, kwando a cinya. Duk inda aka ya da zango, kafin ta sha ruwa sai goro ya sha. A Wudil da za a haye kogi, ta ɗora kwandon a ka ta rufe ido, ta ce in kwalekwale ya kife a fara ceton kaya. A cikin jirgin ƙasa kuwa sai da ta bi kowa da kowa ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gidansa, don ta ce ba ta iya zama ɗaki ɗaya da mutane kamar ana gaba. Da jirgin ya yi kuwwa ya zabura, ta damƙe hannun rigar Maharazu. Ya ce yau shekara da shekaru yana jiran wannan rana. Ta sake shi ta kama kwando.

A Zariya suka yi ta tambaya har aka nuna musu wani gini mai farar ƙasa. Iya Gaji ta cire takalmi tun daga nesa, ta yi sallama ga mai gadi.

"Ɗan nan, wajen Malam Jarida na zo. Yana ciki?"

Mai gadi ya dubi Maharazu, Maharazu ya dubi sama. Can mai gadi ya ce manyan sun fita, amma bari ya kira wani. Sai ga wani saurayi dogo ya fito, sunansa Hussaini, mai buga tafireta. Yana cikin sauya wa injinsa zaren tawada aka kira shi, yatsunsa goma sun yi baƙi ƙirin, ya ɗaga su sama kamar mai jiran a zuba masa ruwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya shigar da su, aka ba ta tabarma don ta ƙi kujera.

"Iya, daga ina?"

"Daga Dutse. Kun faɗi wani labari, na kawo goro."

"Goro?" Ya yi tsammanin bai ji daidai ba. "Wane labari ke nan, Iya?"

"Na wani yaro ne. Ɗan unguwarmu."

"Yaya sunansa?"

Iya Gaji ta waiwayi Maharazu. Shi kuwa a daidai lokacin nan ya gano cewa rufin ɗakin abin kallo ne, ya tsura masa ido yana gyaɗa kai.

"Malam Maharazu, ana tambaya."

"Ni ɗan rakiya ne. Ai ke kika san mutanen unguwarku."

Ta harare shi, harara irin wadda ke tsinka igiyar jaki. Ta juyo ga Hussaini. "Soja ne. Yana da ƙaton kai."

"Iya, sojojin da yawa, kuma duk da hula muke ganinsu."

Ta shiga murza bakin mayafi. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wai ya ce ƙasar babu daddawa."

Hussaini ya yi tsalle har ya kusa shafa wa rigarsa tawada. "Uwaisu Dutse! Mai dafa abinci! Wallahi na tuna. Ni na buga ta. Ranar wuri ya yi mana kaɗan, aka ce a yanke zancen daddawar nan, a bar gaisuwa kawai. Na roƙa a bari. Na ce mutum ba zai aiko da zancen daddawa daga Habasha a banza ba, akwai wadda yake yi wa magana." Ya dube ta, ya sassauta murya. "Ashe ke ce."

"Ni maƙwabciya ce," in ji Iya Gaji. Ta jawo kwando gabansa. "Ga goronka."

"A'a Iya, ba ni kaɗai ba ne." Ya shiga yi mata bayani. Wani malamin soja ne can ya bi su ɗaya ɗaya ya rubuta abin da suka faɗa. Takardar ta hau mota, ta hau jirgin ruwa, ta hau na ƙasa. A nan wani ya buɗe, wani ya gyara, shi ya buga, wasu kuma suka jera baƙaƙe suka danna a inji, wasu suka ninke suka ɗaure.

Iya Gaji ta saurara har ya gama. Fuskarta ta washe.

"Au, ashe gayya ce! Ka ce mini gayya kuka yi. To ai a gayya ba a tambayar wa ya nome wace kunya. Duk wanda ya riƙe fartanya sai ya ci. Kira su."

Aka kira su. Mai gyaran rubutu ya fito da alƙalami a kunne, mai shara ya jingine tsintsiya, mai gadi ya leƙo, masinjoji suka bar kekunansu. Ta buɗe ganye, goro ya fito fari sol, da raɓarsa kamar yau aka tsinko. Ta bi su ɗaya ɗaya tana ba su, kowa ta ce masa, "Albishirinka ya iso, Allah ya faranta maka." Ta ware na masu inji ta ce a aika musu. Ta ware na Arzika da na Malam Falalu, ta ce yanzu ta ga ta inda za su ƙi. Mai gyaran rubutu ya ce tun da ya fara aikin nan, abin da ke zuwa musu daga masu karatu ƙorafi ne da gyara, yau ce rana ta farko da aka kawo abin taunawa. Maharazu ya miƙo hannu. Ta ce, "Kai wace kunya ka nome?" Amma ta ba shi.

Saura Hussaini. Ta zaɓo mafi girma a kwandon ta miƙa masa. Ya dubi goron, ya dubi yatsunsa, ya rasa yadda zai yi.

"Iya, bari in wanko hannu. Zan ɓata shi."

"Zauna. An jira da yawa."

Ta ɓare goron da farcenta, ya yi ƙas. Ta ce, "Buɗe baki." Saurayin nan da ke buga labarin sarakuna da gwamnoni ya durƙusa a gaban tabarma ya buɗe baki kamar ɗan yaye, ta sa masa. Ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce goron ne da ɗaci. Farin goro kuwa kowa ya san ba shi da ɗaci.

"Can inda suke," in ji ta, "ana kai musu takardar nan?"

"Ana kai musu, Iya. Har rububinta suke yi."

"To ka rubuta, mutanen gida sun ji. Suna nan lafiya."

"In ce in ji wa?"

"Ka ce in ji mutanen gida. Zai gane."

Ko goron nan ne ya zaunar da albishir ko ba shi ba ne, Allah ne masani. Abin da aka sani shi ne Uwaisu ya dawo bayan yaƙi da ƙafafunsa, ya yi ƙiba, kuma da ya shigo gida ya durƙusa, uwarsa ta dube shi sama da ƙasa ta ce wa maƙwabta a nema wa baƙo ruwa.

Amma abin da Maharazu ya riƙe har tsufansa, wanda bai faɗa wa kowa ba sai bayan rasuwarta, shi ne abin da ya faru da suka fito daga ginin nan. Sun ɗan taɓa tafiya ke nan, kwando ba nauyi, sai Iya Gaji ta tsaya. Ta zauna a gindin wata bishiyar mangwaro a bakin hanya. Ta duba dama, ta duba hagu. Garin mutane ne, babu wanda ya san ta, babu wanda ya san ɗan wa ke Habasha. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana tarawa, har kafaɗunta na girgiza.

Maharazu, wanda bai taɓa barin wata dama ta wuce shi ba, ya juya mata baya. Ya baza babbar rigarsa da hannu biyu ya kare ta daga hanya, ya tsaya yana kallon masu wucewa. Wata mata mai tallan fura ta tsaya ta ce, "Baba, lafiya? Me ya sami tsohuwa?"

Ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Daga jirgi muka sauka, hayaƙi ne ya shiga mata ido. Yi tafiyarki, yanzu zai fita."